Ƙusa ta Takwas a Bangon Usta Mato

Duk wanda ya shiga rumfar kafinta Usta Mato, a ƙauyensu da ke gabas da Rufa'a, matattun injuna yake fara gani kafin gadaje. Guda bakwai ne rataye a bango, kowanne da ƙusarsa: na huda biyu, zarto, na feshin fenti, da sauransu. Mato ba ya yar da kayan aiki. Ya ce inji ma da kwanakinsa yake zuwa duniya. Na da can yakan yi shekara goma sha, na yanzu kuwa in ya ga damina uku ya yi ƙoƙari. Ya kuma san rasuwar kowannensu, da rana da dalili, in ka ba shi fuska sai shayinka ya huce bai gama ba. A gefen na bakwai akwai ƙusa ta takwas, babu komai a kanta. Tun ranar da ya sayo injin sanfara a Madani, wanda yake goge katako da shi, ya kafa ta tana jira.

Shekara arba'in yana sassaƙa angarib, gadon igiya, da itacen bagaruwa. Ido ɗaya gare shi. Na hagu tun yana saurayi tsinken itace ya tafi da shi, shi ya sa in yana aiki sai ya karkata kai kamar kaza tana duban tsaba, ya kawo na dama kusa da katako, bai fi taƙi guda ba. 'Yarsa Raihana ta taɓa aiko masa da tabaran aiki daga Bur Sudan. Ya sa sau ɗaya ya ce hazo suke yi masa. Matarsa Indo ta yi faɗa har ta gaji, daga baya ta mai da gidan tabaran ma'ajin allura da maɓallai. Taurin kan Mato ba sabon labari ba ne a gidan.

Shekarar da yaƙi ya toshe hanyar Madani, makarar masallaci ta karye. Ba abin mamaki ba ne, don a watannin nan ba ta huta ba, ga ciwon amai da gudawa, ga waɗanda ake kawowa daga hanya. Liman Maliki ya zo da kansa ya ce a yi sabuwa, ko ba kyau, ta dai ɗauki mutum. Mato ya ji haushin wannan magana. A wurinsa abin kunya ne sartse ya kama likkafanin bawan Allah a tafiyarsa ta ƙarshe. Ya ce sai ta yi santsi ta kowace kusurwa kafin ta bar rumfarsa.

Ranar da ya ɗauko injin sanfara sai ya tarar faifan robar da takardar yashi ke mannewa a kai ya tsage, gefe guda ya gutsure. Shi injin lafiyarsa ƙalau. Ya kara shi a kunne yadda ya saba yi kowace safiya, ya ji kukansa sumul, ba kakari. Faifai ne kawai, abin da a da sai ya ba direban bas saƙo ya kawo kafin la'asar. Yanzu babu bas, shagon da ake sayar da shi a Madani ma an ce babu ƙofa a jikinsa.

Sai ya tafi wurin Mati, mai yanka takalman taya a bakin kasuwa, irin waɗanda Larabawa ke kira tamut takhalli, wato ka mutu ka bar su. Ya ce ya yanko masa zagaye daga tayar tarakta. Mati ya juya tsohon faifan a hannunsa ya ce taya ba ta daidaita nauyi, wani gefen ya fi wani kauri, kuma akwai waya a cikinta. A ƙafa ba komai, ƙafa ba ta juyawa. Mato ya ce shi dai ya yanka. Mati ya yanka, amma bai yi dariyar da ya saba ba.

Indo tana gasa kisra, siririyar gurasar dawa, a tsakar gida lokacin da ya huda robar ya ɗaure ta da noti. Da aka kawo wuta bayan hantsi ya kunna, sai ta ji kukan ya sauya. Shekaru tana jin injin nan ta bayan katanga, ta san muryarsa. Yau rawa yake yi, yana wani gurnani daga ciki, har kofunan shayi suna kaɗawa a kan benci. Tsoro ya kama ta sosai. Ta bar kisra a kan wuta ta zo bakin rumfa da tabaran a hannu.

"Abu Raihana, ido guda ya rage muna ni da kai. Ka aje wanga abu ka goge da hannu."

"Da hannu kwana huɗu ne, Hajja. Kin san ko wa za a kawo gobe?"

Ta ajiye tabaran a kan benci ta koma. Shi ma ya ji gurnanin, kunnensa ya fi nata sanin inji. Amma lissafin da yake yi na injin ne: ko rawar nan za ta cinye masa ciki, ko yau ce ranar ƙusa ta takwas. Har ya ɗaga kai ya dubi ƙusar.

Ya goge katakon gefe biyu, ya goge hannayen makarar uku, suka yi sumul. Saura ɗaya. Kan notin ya riga ya fara cin robar, ƙaurin ƙonewa yana tashi. Akwai wani ɗan ƙulli a jikin itacen da ya ƙi kwanciya, sai Mato ya karkata kai ya kawo idonsa kusa don ya gan shi da kyau.

Indo ba ta ji ihu ba. Ƙara ɗaya ta ji, sannan injin ya ci gaba da kuka a ƙasa, sumul, irin kukansa na da, don robar ta rabu da shi.

A kan amalanken jaki aka kai shi Rufa'a. Bayan kwana tara aka dawo da shi, idon daman ma ya tafi, Indo tana riƙe da hannunsa. Makara tana nan inda ya bar ta, don Liman ya hana a taɓa. Mato ya zauna, ya laluba ya nemo hannun makarar da ya rage, ya sa aka ba shi takardar yashi. Wuni biyu ya yi yana gogewa yana shafawa da tafin hannu har ƙullin ya kwanta, sannan ya ce a zo a ɗauka.

Da masu ɗauka suka fita, Indo ta ɗauko injin da hannu biyu, ranta a ɓace, ta ce za ta rataye shi a ƙusarsa.

"A'a, shi bai mutu ba," in ji Mato. "Ki kai ma Salih kafinta, shina da sauran shekaru."

Sannan ya miƙa mata hannu ya ce ta ja shi zuwa jikin bango. Ya bi injunan da hannu ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayensu, har yatsansa ya taɓa ƙusar da babu komai. Sai ya zaro mitar awo daga aljihun jallabiyarsa, wadda ba ta taɓa kwana nesa da shi ba, ya rataye ta a wurin.