Takardar gayyatar da na ɓoye a durowa

Shekarun baya, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin gwamnati a Abuja, na rubuta rahoto har sau uku a kan wata magudanar ruwa kusa da Gudu. An yi gine-gine a kan hanyar ruwan, shara ta toshe abin da ya rage, duk damina sai ruwa ya shiga shagunan bayin Allah. Rahotannin nan ko buɗe su ba a yi ba.

Ina da aboki marubucin littattafan labari, tare muka yi karatu a Zariya. Shi nake kai wa ƙorafina, yana ji yana jefo tambayoyi. Ashe har zuwa yake yi ya zauna da masu shagunan. Bayan shekara biyu ya fitar da littafi a kan wata mai sayar da atamfa da ambaliya ta cinye wa shago.

Littafin ya karɓu, gidajen rediyo suka fara kiransa. Ni kuwa da na ji muryarsa a mota sai in canja tasha. Matata ta karanta har da hawaye. Na ce mata, "Ni fa na ba shi labarin nan." Ta ce, "To kai me ya hana ka rubutawa?" Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Wata Litinin ogana ya kira ni, ga littafin a kan teburinsa.

"An ce ka san marubucin nan?"

"Sama-sama, ranka ya daɗe."

Mutumin da muka ci a kwano ɗaya! Oga ya ba ni takardar gayyata in kai masa, yana so ya zo ya yi wa ma'aikata jawabi. Na jefa ta a durowa. Sati uku, in oga ya tambaya sai in ce mutumin ya yi tafiya.

Ƙarshe oga ya samo lambarsa ya kira shi da kansa. Abokina ya zo, ya yi jawabi, aka tafa masa. Ina ƙoƙarin sulalewa ya cim mini a wajen ajiye motoci.

"Mutumina, an ce na yi tafiya. Wane gari na je?"

Na rasa ƙaryar yi. Na ce, "Hassada ce kawai."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Littafina ya sa mutane kuka, amma ko leda ɗaya bai cire daga kwatar nan ba. Kai ke cikin ofis. Fito da rahotonka tun kafin zuciyar oga ta huce."

Washegari na kai wa oga rahoton. Kafin damina aka yashe magudanar, gine-ginen dai suna nan har yau.

Da zan ce na warke, na yi ƙarya. Na dai koyi kiran ciwon da sunansa tun bai sa ni aika-aika ba. Sabon littafinsa ranar da ya fito na saya, amma sai da ya yi wata guda a kan tebur kafin na iya buɗe shi.