Carbin Inna da Ƙwallon Dabino

Ni ce na tsinka carbin surukata, kuma na tsinka shi ne wajen dubawa ko zai tsinke.

A shekarar ne aka yi wa Inna, mahaifiyar maigidana, aikin yanar ido. Ta taho daga Zungur ta zauna wurinmu a cikin Bauchi mako uku. Kayanta ba su da yawa, ƙullin tufafi ne da darduma da carbin nan. Baƙin itace ne, ya sha hannu har yana ƙyalli, kuma na marigayi mijinta ne. Ba ta rabuwa da shi sai za ta kewaya.

Tun ranar da ta iso idona ya sauka a kan zarensa. Kusa da dogon ɗan nan na kai, wanda muke kira liman, zaren ya yi gashi-gashi. Ni kuwa haka Allah Ya yi ni. Idan na rufe ƙofa sai na koma na taɓa ta sau biyu, idan na sa gishiri a miya sai na tsaya ina tambayar kaina ko na sa. Kwana goma sha biyar ina kallon zaren nan, ina ayyana yadda zai tsinke mata a cikin mota, 'ya'yan su watse ƙarƙashin kujeru.

Ranar wata Litinin maigidan ya kai ta asibiti a duba idon, ta manta carbin a kan darduma. Na shiga shara, na ɗauka na fito tsakar gida inda akwai haske. Na ce bari in ɗan ja kaɗan in ji ƙarfinsa, don hankalina ya kwanta. Na ja kaɗan, bai yi komai ba. Hankalina bai kwanta ba, na ƙara.

Har yau ina jin ƙarar zubarsu a kan siminti. Wasu suka nufi rariya, wasu ƙarƙashin turmi, kajina kuma suka rugo a guje suna zaton hatsi na watsa. Na kore su da zanina, na toshe rariya da tsumma, na durƙusa ina tsince. Na ƙirga sau bakwai a cikin faifai. Liman yana nan, 'yan faifan nan biyu masu raba talatin da uku-uku suna nan, amma 'ya'yan casa'in da takwas ne. Wani abu kuma ya ƙara dagula ni: uku daga cikinsu ba su yi kama da sauran ba. Ɗaya ya ɗan yi ja, ɗaya ya fi girma, ɗaya ba shi da santsi. Na fara tunanin ko wasu abubuwa ne dabam na tsinto a tsakar gidan, wato ɓatattun huɗu ne ke nan.

Da suka dawo ban bari ta cire mayafi ba. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da ja na biyu. Ta laluba cikin faifan da yatsunta.

Ta ce, "To, 'yar nan, tunda kin gano ba shi da ƙarfi, sai ki gyara. Asabar zan koma gida."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma bayan la'asar na hango ta tana lazimi da gaɓoɓin yatsu, tana kaiwa tsakiya sai ta tsaya ta sake daga farko. Yatsunta sun saba da itacen nan shekara da shekaru. Na san idan Asabar ta zo carbin bai koma hannunta daidai ba, ni na raba ta da abu ɗaya da ya rage mata na mijinta.

Ba baƙuwa ba ce ni a harkar zare da allura. Makarantata ta tsaya a aji shida, amma kakata ta koya mini zura tsakiya, wato duwatsun ado, tun ina ƙarama. Ita a zamaninsu babu zaren kanti. Da mazari take kaɗa audugarta, ta murza zare uku wuri ɗaya a cinyarta, ta goga masa kakin zuma har ya yi tauri ya shiga huda ba tare da allura ba. Ta ce jigidar da suka ɗaura suna 'yan mata ba ta roba ba ce, daga ɓawon ƙwallon itace ake fere ta, a huda, a goge ɗaya bayan ɗaya. Daga wurinta na koyi cewa ba a aikin duwatsu a kan tire, sai a faifai ko a shimfiɗa tawul, don kada su gangara. Duk wannan na sani. Carbi ne dai ban taɓa zurawa ba.

Talata da Laraba a kan kaza suka ƙare. Akwai wata kaza wake-wake da ta riga sauran isowa, na tabbata ita ta haɗiye. Na kife ta da kwando, ina ɗagawa ina duba abin da ta ajiye da tsinke. Maigidan ya same ni a haka.

Ya ce, "Yanzu in kin same shi a nan, a carbin za ki mayar?"

Ban yi wannan tunanin ba sai da ya faɗa. Na zauna ina lissafin wanki nawa zai tsarkake shi, da ko sai an tambayi malami. Ya ɗaga kwandon ya saki kazar, ya ce in bar baiwar Allah ta yi kiwonta.

Sai na tuna maganar kakata. Na samo ƙwallon dabino, na yanke tsakiyarsa, na zauna ina goga shi a kan dutsen niƙa da ɗan ruwa, ina juyawa, ina gwada shi da ɗaya daga na Inna. Wajen huda na fasa uku. A na huɗu na gane ba a dannawa da ƙarfi. Basilla ake sawa a garwashi ta yi ja, a taɓa kaɗan ta wannan gefe, a juya a taɓa ta wancan, har hudar ta haɗu a tsakiya. Na shafa masa man kaɗanya da baƙin tukunya. Daga nesa ya saje, amma a hannu kowa zai gane.

Saura zurawa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata 'yar ƙabilar Ibo mai shagon duwatsun ado a kasuwar Wunti. Madam muke ce mata. Sarƙoƙi take yi da jakunkuna na duwatsu, matan cocinsu da amarenmu duk wurinta suke zuwa. Shekararta ashirin a Bauchi, Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai in tana magana kowa namiji ne a wurinta. Ranar Alhamis da safe kafin ta fita na kai mata faifaina.

Ta ce, "Amarya, me ya same ka? Fuskarka kamar wanda ya ƙona tuwon biki."

'Ya'yana huɗu a lokacin, amma ban taɓa tashi daga amarya a wurinta ba. Na ba ta labari. Ta yi dariya har da riƙe ciki a kan zancen kazar, sannan ta ɗauko wani baƙin zare mai silɓi, ta ce in ja iya ƙarfina. Na ja, ya kusa yanka mini yatsa. Ta nuna mini yadda ake kai bakinsa kusa da wutar ashana ya narke ya yi tsini, da yadda ake riɓa shi biyu.

Na ce, "Madam, to in shi ma wata rana ya tsinke fa?"

"Ba zai tsinke ba."

"In ya tsinke fa?"

Ta dube ni, ta girgiza kai. Ta shiga ɗaki ta fito da carbinta na coci, ta miƙo mini. Tsakanin kowane ɗa da ɗan'uwansa akwai ƙulli. Ta ce haka ake yi wa sarƙa mai daraja ma, in ta tsinke ɗaya ne kawai zai faɗi. Ta ce shekara goma sha tana addu'a da nata, ko ɗaya bai taɓa ɓata ba.

Ban taɓa jin dabarar da ta dace da zuciyata kamar wannan ba. Ta koya mini yadda ake yi: a yi ƙullin sako-sako, a sa tsinin allura a cikinsa, a tura shi har ya manne da ɗan carbin, sannan a zare allurar a ja. Na koma gida na zauna a inuwar zaure tun hantsi. Kowane ƙulli sai na ja shi sau biyu. Wanda na yi shakkarsa na ƙara masa wani a kai. Kafin magariba na gama, wuyana ya ƙage, amma raina fari tas. Na ɗaga shi na girgiza, ko motsi babu wanda ya yi.

Ranar Juma'a da safe, bayan Inna ta karya, na kai mata a kan faifai. Ta yi bisimilla ta karɓa, ta kama liman, ta sa babban yatsa za ta ja ɗan farko. Bai zo ba. Ta ƙara ja. Ta bi carbin da yatsu har ƙarshe, sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na zaci kuka take yi. Ashe dariya ce.

Ta ce, "'Yar nan, laifin me suka yi kika sa musu mari?"

Na ce don kada su sake watsewa ne.

"To ai ba za su watse ba kam. Ni kuma da me zan ja? Carbi ai ja ake yi. In ɗan bai taho ya bugi ɗan'uwansa na ji ƙas ba, ban san na wuce shi ba."

Kullum ina jan carbi, kullum ina jin wannan ƙas ɗin, amma tsoro ya mantar da ni. Na leƙa ta katanga na kira Madam, na yi sa'a ba ta fita ba. Ta shigo ta gaida Inna har ƙasa, ta tsaya tana kallon yadda Inna ke nuna mata da hannu.

Ta ce, "Mama, wato ku ɗan ne yake tafiya? Mu yatsa ne yake tafiya, ɗan yana zaune."

Inna ta ce, "Kowa da hanyarsa. Ke kika koya mata?"

"Ni na koya masa ƙulli ɗaya. Bibbiyun nan nasa ne."

Na ce a kawo reza a yanke, a sake sabon zare. Madam ta ce wanda ta ba ni shi ne ƙarshen irinsa a wurinta, kuma reza a kusa da tsohon itace ba ta yarda ba. Ta aika a ce wa yarinyar shagonta ta buɗe, ta zauna a tabarma ta kama wancan bakin, ni na kama wannan, kowa da allurarsa. Kwance ƙulli ya fi yinsa wuya. Duk wanda ta tarar na ninka sai ta ɗago ta harare ni, ta ce, "Amarya, wannan kuma ɓarawo ka ɗaure?" Inna tana gefe tana karɓar 'ya'yan ɗaya-ɗaya tana sawa a faifai.

A nan ne na yi ƙarfin hali na faɗa mata sauran. Na ce ɗaya ya ɓata, ƙwallon dabino na fere na sa, kuma akwai uku da nake shakkar ba na carbin ba ne. Ta laluba ta fito da su ukun ba tare da ta duba ba.

Ta ce jan nan, carbin ya taɓa tsinkewa a gona, marigayi ya fere shi da wuƙarsa a gindin ɗorawa. Babban kuma wata ƙanwarta ce ta ciro daga nata ta ba ta. Marar santsin, maigidana ne ya tauna shi yana rarrafe.

Ta ce, "Kina zaton ke kika fara tsinka shi? Ina naki?"

Na sa mata a tafin hannu. Ta murza shi, ta ce ya yi kaushi, amma hannu zai gyara shi. Ta ce in sa shi na ƙarshe, dab da liman, don in ta ji shi ta san ta kawo.

Aka tafi masallaci aka dawo muna kai. Da muka gama kwancewa na goga wa zaren kyandir ya miƙe, na zura talatin da uku, na sa mai rabawa, na sake, ina ƙirgawa a bayyane su biyu suna amsa mini. Da na zo ɗaurewa Inna ta sa yatsunta biyu a kan zaren tsakanin ɗan ƙarshe da liman, ta ce in ɗaure a bayansu. Wannan filin shi ne wurin tafiyar 'ya'yan. Ƙulli ɗaya ta yarda in yi. Na roƙi na biyu, ta ce to, albarkacin Juma'a.

Ta karɓa ta ja. Muka kasa kunne muna jin ƙas, ƙas, ƙas, har ta zagayo kan dabinon ta tsaya. Madam ta tashi tana karkaɗe zani, ta ce yau ta koyi aiki, ta kuma yi asarar rabin yini.

Asabar Inna ta shiga mota da carbinta a hannu. Tun daga lokacin matan unguwa suke kawo mini nasu in ya tsinke, kuma kowanne sai na sa yatsu biyu kafin in ɗaure.

Bayan tafiyarta da mako uku ina ɗaga buhun gawayi sai ga ɗan carbin nan a ƙasa, lafiyarsa ƙalau. Na ba kazar tsabar gero ta haƙuri. Sai wata damuwar ta taso: in na mayar sun zama ɗari, in na cire nawa kuma Inna ta riga ta saba da shi. Na sa maigidan ya kira ƙaninsa da ke Zungur a waya, aka kai wa Inna wayar.

Ta ce, "Ki ajiye. Ai zai sake tsinkewa."

Yana cikin gwangwanin alluraina, a ƙulle a ƙyalle. Nakan buɗe lokaci-lokaci in tabbatar yana nan.