Kyarkecin da Sabi'u Ya Rufe wa Baki

A watan nan Sabi'u ya cika shekara bakwai a ƙasa. Da gangan na ce "a ƙasa", domin saura ƙiris ƙasar ma ta gagare shi, kuma duk shekara idan watan ya kama sai abin ya dawo mini kamar yau yake faruwa. Da yawa cikin masu karatu ba su san shi ba. Waɗanda suka san shi a birnin Guangzhou na China kuwa, yawancinsu da sunan da ba nasa ba suka san shi, wato Mai-karnuka.

Ɗan Gwaggona ne, taubashina, kuma ni na jawo shi China. A gidan majema aka haife shi cikin birnin Kano, tun bai iya ɗaura wando ba yake kankare fata. Na ce masa ya rabu da warin nan ya zo ya taya ni sayen kayan waya a unguwar Tianhe. Kai, ban taɓa ganin wanda kasuwa ta ƙi irin Sabi'u ba. Lawban, wato mai shago, zai yanka masa farashin da shi kansa bai yarda da shi ba, sai Sabi'u ya gyaɗa kai har da godiya, wai ya ji kunyar dattijo. Na yi faɗa har na gaji, shi ko a jikinsa.

Wata rana na aike shi unguwar Liwan, ya ɓace a lungunan tsohon gari. Hancinsa ne ya kai shi inda zai ƙare rayuwarsa: ya ji wari irin na gidansu, ya bi shi har ƙofar wani tsoho da kowa ke kira Shifu, ma'ana malamin sana'a. Aikin tsohon shi ne, idan dabba ta mutu a gidan zu, a kawo masa ita da izinin hukuma, ya feɗe ta, ya jeme fatar da gashinta, ya gina mata jiki da soso mai tauri da waya da yumɓu, ya mayar mata da fatarta, ta tsaya kamar mai rai. Makarantu da gidajen tarihi ke saye. Ba mu da sunan wannan sana'a da Hausa. Sabi'u "tsai da dabba" yake ce mata.

Shifu ba ya jin Turanci, Sabi'u kuma a lokacin bai wuce gaisuwa da harshensu ba. Ya dai ga tsohon yana fama da kunnen barewa, ya miƙa hannu aka ba shi wuƙar, ya rage kaurin fatar bai huda ko'ina ba. Washegari ya ce mini na nemi wani yaron shago. Na zage shi tas, ya tsaya yana mini dariya.

Aikin jima ya iya shi tun daga gida. Abin da bai sani ba shi ne abin da ke ƙarƙashin fata, kuma a kan wannan Shifu ya ba shi wahala ba kaɗan ba. Ya hana shi taɓa fata wata da watanni, sai dai ya tura shi gidan zu ya zauna yana kallon yadda kafaɗa ke motsi, yadda dabba ke ɗora nauyinta a ƙafa, ya zana, ya kawo, a yage, ya koma. Zomo ya fara tsayarwa. Da ya nuna mini hoton na ce wannan zomon hawan jini ne ya kama shi ko mari ya sha? Bai yi mini magana ba sai da aka kwana biyu. Ga damshin garin, wanda ke sa fata ta yi funfuna ta zubar da gashi, aikin mako da makonni ya tashi a banza. Sau da yawa ya dawo ɗakinmu na Sanyuanli, unguwar da mutanenmu suka fi zama, idanunsa jawur, ya yi wanka, ya yi salla, ya kwanta ko abinci bai nema ba.

Da hannunsa ya faɗa, sai ya kamu da son kyarkeci. Mu Hausawa ba mu san wannan dabba da ido ba. A ƙissa muka san shi tun muna makarantar allo: yaron da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya, suka shafa wa rigarsa jini, suka ce wa mahaifinsu kyarkeci ya cinye shi.

Na ce masa, "Kai Sabi'u, duk dabbobin Allah ka rasa wadda za ka so sai kare?"

Ya ce, "Ba kare ba ne, jahili. Masu saye so suke a wangale masa baki, haƙora a waje. Ni ba zan yi ba. Tun fil azal ake cewa ya ci yaro, alhali ko ganinsa bai yi ba. An isa haka nan."

Ashe rufe bakin ya fi wuya. Idan baki a buɗe yake, haƙoran roba ake sawa, su ɗauke hankalin mai kallo daga duk wani kuskure. Idan a rufe yake babu inda mai aiki zai ɓuya. Sai an cusa leɓe cikin ɗan tsagi siriri, an tokare shi da allurai har ya bushe, an zaunar da idon gilashi daidai, domin karkata shi kaɗan ya isa ya mayar da nutsuwa ta koma mugunta. Masu saye sun yi ta ƙorafi, Shifu ya yi ta ɗaga murya, daga baya ya bar shi da abinsa.

Ana cikin haka wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa ya bi ta lungun yana neman fatar yin bel na ɗaure wando, ya leƙa ta ƙofa. Ya ga Sabi'u a durƙushe gaban kyarkeci, goshinsa dab da ƙasa, yana jera allurai a yatsun dabbar. Ga kuma hayaƙin turaren da Shifu ke kunnawa a kusurwar shagonsa yana tashi. Kafin Juma'a ta zagayo, Sanyuanli kaf an san cewa Sabi'u yana yi wa kare sujada.

Ni ba malami ba ne. Ko sana'ar ta halatta ko ba ta halatta ba, shi kansa ya tambayi malamai, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Amma sujada wata magana ce daban, fitar da mutum daga addini ce. A gidan abinci aka daina sa hannu a tire ɗaya da shi. A masallaci sai ka ga gurbi a gefensa ya ƙi cika. Na ci kwalar mutum biyu a kan wannan magana, da ba a riƙe ni ba da an kwana a wajen 'yan sanda. Shi kuwa cewa yake, "Ƙyale su, Ɗan'azumi, wa ka gani ya zo ya tambaye ni?" Haushin wannan sanyin nasa har yau bai sake ni ba.

Wata rana da hantsi wayata ta yi ƙara, lambar Sabi'u, amma muryar Shifu. Ya yi ta magana ban fahimci komai ba, sai a ƙarshe ya ce, "Sabi'u meyo." Meyo kalma ce da muke ji kullum a kasuwa idan kaya sun ƙare, ma'anarta babu. Zuciyarsa ce ta tsaya, ya faɗi a gaban aikinsa.

Wanda bai yi zaman wata ƙasa ba ba zai gane tsoron da ya kama ni ba. A can yawancin mutane ƙona gawa suke yi. Musulmi ana binne su, amma sai jama'a ta tsaya, sai an samu wanda ya san hanya, wanda liman da masu maƙabarta suka san fuskarsa. Wani tafinta ya gaya mini ba za a yi ta ajiye gawar ba iyaka. Ba wanda ya ce mini kai tsaye za a ƙona shi, kuma har yau ban san ko da an kai ga haka ba. Amma wani ya raɗa mini cewa haka ake yi da gawar da ba ta da masu ita.

Na shiga buga waya. Babu wanda ya ce ba zai zo ba, Allah ya sani. Sai dai rannan kowa yana da kwantena da ake lodi, kowa yana da baƙo daga gida. Wani ya ce, "Allah ya jiƙan Musulmi," ya kashe. Na gane abin da yake nufi. Ga Gwaggo daga Kano tana ta kira, tambayarta ɗaya ce: "Ɗan'azumi, an yi masa sutura?" Ina cewa ana shiri, Gwaggo.

Alhaji Garba shi ne jagoranmu a lokacin, dattijo mai ofishin tura kaya, wanda in ya ce a fito kowa zai fito, in ya yi shiru kowa zai zauna. Shirun ya yi. Na faɗa ofishinsa ko sallama ban yi cikakkiya ba.

Ya ce, "Zauna, ɗana. Mutane da dama sun gaya mini abin da aka gani. Ba zan ja jama'a su sallaci wanda nake shakka a kansa ba."

Na ce, "Alhaji, mutum ɗaya ne ya gani, sauran ji suka yi. Kai ma ji ka yi. Don girman Allah ka zo ka gani da idonka, in ka ga shirka na yarda a yi yadda aka ga dama da shi."

Ban san yadda wannan magana ta fito daga bakina ba. Sai ya miƙe muka fita. A cikin tasi har Liwan ina ta tunanin in ya ga turaren nan na Shifu ya juya, shi ke nan.

Turaren kuwa yana nan yana hayaƙi, na ga Alhaji ya kalle shi ya ɗaure fuska. A tsakiyar ɗakin ga kyarkecin ƙarshe da Sabi'u ya bari, mai ruwan toka, kansa a ɗan sunkuye, fuskarsa cike da allurai. Shifu bai san abin da ya kawo mu ba. Ya gaishe mu da idanu a kumbure, ya ga allurar ƙafa ɗaya ta goce, sai ya durƙusa da ƙyar, ya kai goshinsa dab da ƙasa yana gyara ta. Alhaji ya tsaya yana kallon bayan tsohon. Na ga carbin hannunsa ya daina motsi.

Can ya ce, "Me ya sa bakinsa a rufe? Waɗancan na jikin bango duk a buɗe suke."

Na gaya masa abin da Sabi'u ya ce, kalma da kalma. Ya sake duban kyarkecin. Sannan ya ce, "Shi dai bai ci kowa ba. Mu ne muka ci naman Sabi'u, da ransa da bayan ransa." Ya juyo gare ni. "Ka ji ni da kyau, ban ce sana'arsa daidai ba ce, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma ni zan wanke shi da hannuna."

Ya cika alkawari. Sahun bai yi yawa ba, amma an yi sahu. Mutumin da ya leƙa ta ƙofa ya zo, ya ɗauki makara bai yarda an karɓe shi ba har bakin kabari, ni kuma ban iya kallonsa ba. Shifu ya tsaya daga bakin ƙofar maƙabarta har aka watse. Da na kira Gwaggo na ce an rufe shi, sai a lokacin ta fashe da kuka.

Yau Sanyuanli ba kamar da ba ce. Da yawa sun koma gida, sayayya ta koma ta waya, Shifu ya rufe shago ya tafi ƙauyensu. Nakan tambayi kaina me Sabi'u zai ce da ya ga samarinmu suna tura wa juna bidiyon Turawa masu irin sana'arsa, suna rubuta "kai, fasaha!" a ƙasa. Ina jin dariya zai yi, ya ce su nuna masa wanda ya iya rufe baki a cikinsu. Amma wani tunanin ya fi hana ni sakat. A wancan lokacin sai da ƙazafin ya jira Juma'a kafin ya game unguwa. Da yau ne, wanda ya leƙa ta ƙofa hoto zai ɗauka, kafin la'asar ya isa Kano, ya isa wayar Gwaggo, kuma ban san wace tasi ce za ta ɗauki mutanen nan duka ta kai su Liwan ba.

Me ya rage na Sabi'u? Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Akwai kabari mai ɗauke da sunansa na gaskiya, ina zuwa duk lokacin da na shiga garin, ina roƙon Allah ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka ci. Akwai kuma kyarkecin, wanda Shifu ya zare wa allurai ya taje, yanzu yana cikin gilashi a wata makaranta, babu sunan kowa a jikinsa.

Bara na ɗauko hotonsa na kai wa Gwaggo. Ban taɓa gaya mata abin da aka faɗa a kan ɗanta ba, kuma ba zan gaya mata ba. Ta kai wayar kusa da idonta, ta daɗe tana kallo, ta shafa gilashin wayar da ɗan yatsa.

Ta ce, "Wannan ai bai yi kama da wanda zai ci mutum ba."

Na ce, "Shi ma haka ya ce, Gwaggo."