Ƙugiyar Mamari a Yatsana

Akwai ranakun da suke wucewa kamar ba a yi su ba, akwai kuma wadda take zama daram a ran mutum. Ni dai ranar da ƙugiyar mamari ta shige mini yatsa ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Katuzu. Da damina noma, da rani kuma lambu da kamun kifi. A shekarar da abin ya faru na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan La'asar, da furfurata da komai, hannuna ya fara sabawa da fensir ke nan.

Da hantsi muka shiga kwalekwale ni da taubashina, ɗan kawuna, don duba mamarin da muka kafa, wato doguwar igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi. Wata ƙatuwar tarwaɗa ta kamu. Ina cikin jawo ta sai ta yi wata irin fizga, ƙugiyar da ke kusa da ita ta nutse a manunin hannuna na dama, har kunnen nan nata da yake hana ta fitowa ya shige ciki. Na ƙwalla salati. Taubashina ya dube ni, ya dubi kifin, ya ce, "To, wanne zan kai kasuwa a cikinku? Ita dai ta fi ka tsoka." Yana tsiyar yana yanke igiya.

Ya goya ni a babur zuwa wurin wani mai kemis. Mutumin ya zuƙo maganin kashe zafi ya tsira mini a daidai inda ƙugiyar take. Da ya taɓa ta na yi ƙara, sai ya ƙara allura. Ya sake taɓawa, na sake ƙara, ya sake zuƙowa. A lokacin har godiya nake yi masa, don a tunaninmu na ƙauye yawan allura shi ne kulawa. Can yatsan ya kumbura suntum, ya yi tauri, ya yi fari kamar ɓararren rogo, ƙugiya kuwa tana nan. Allah ya saka masa, bai yi taurin kai ba. Ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina, ku tafi Gashuwa."

A asibiti wata likita ce ta karɓe mu, sa'ar 'yata ta fari. Ta riƙe hannuna, ba ta ko kalli ƙugiyar ba tukuna. Farcena ta danna ta saki, ta tsura masa ido. Na ga fuskarta ta canza.

"Baba, wa ya yi maka allura a nan?"

"Mai kemis ne, 'yar nan."

"Wane magani? Nawa ya sa?"

Muka dubi juna ni da taubashina. Ya ce, "Likita, ya dai sa da yawa, mutumin kirki ne, bai yi mana rowa ba."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce ya kira mata mai kemis ɗin a waya. Ina jin ta tana yi masa magana cikin girmamawa, ta ce ya ɗauko kwalbar ya karanta mata abin da ke jiki, ya faɗa mata girman sirinjin da sau nawa ya cika shi. Shi ma ya faɗa mata gaskiya. Daga nan ta sa na hau sikeli.

Taubashina ya ce, "Af, sayen sa za ki yi? Wallahi duk ƙashi ne, kar a cuce ki."

Sai a nan ta murmusa. Ta ce, "Kawu, maganin nan da nauyin mutum ake lissafa shi. Abin da ƙato zai ɗauka, Baba ba zai ɗauka ba." Ta juyo gare ni. "Kana jin leɓenka ya yi nauyi? Bakinka da ɗanɗanon ƙarfe? Kunnenka yana ƙara?"

Na ce ƙwarai kuwa, don tun a kan hanya nake jin kamar na tsotsi ƙusa, kunnena kuma yana ta shuu. Na ɗauka iskar babur ce.

Ta ce, "To ba zan yi maka allura yanzu ba."

Wallahi a ranar ji na yi kamar ta mare ni. Ga ƙarfe a cikin namana, ga kwalaben magani ina gani a kan tebur, ta ce a'a. Ta kwantar da ni a gado, aka sa mini ƙarin ruwa, aka maƙala mini wani ɗan abu a ɗaya hannun mai nuna bugun zuciya, ta tokare hannun ciwon da filo ya yi sama. Na ce, "'Yar nan, ki taimake ni don Allah. Da yatsan nan nake riƙe fensir, da shi nake nuni a tahiya."

Ta jawo kujera ta zauna. "Baba, kana ban-ruwa a lambu?" Na ce ina yi. "Idan aka take tiyo da ƙafa, ruwa yana isa ƙarshen fangali?" Na ce ina fa. Ta ce, "Haka yatsa yake. Wuri ne matsattse, hanyoyin jininsa sirara ne. Ruwan allurar da aka dura masa ya matse su, jini da ƙyar yake kaiwa ƙarshe. In na ƙara, yatsan zai iya mutuwa, sai dai a yanke. Sannan maganin da ya riga ya shiga jikinka ya fara taɓa ka, shi ne ƙarar kunnen nan. In ya wuce haka, zuciya yake nema. Ƙugiya za ta iya jira."

Zaman jiran nan ne ban taɓa yin irinsa ba. Da maganin farko ya fara saki, zogi ya dawo sabo, kamar ana buga mini guduma a kan farce. Taubashina har ya bi likitar waje, na jiyo shi yana cewa, "Likita, ko rabin allura ne ki yi masa, mutumin nan ba ya kuka, ga shi yana hawaye." Ta ce, "Kawu, na gani. So nake ya koma gida da yatsunsa cif." Tana duba wasu marasa lafiya tana dawowa, duk zuwa sai ta danna farcen, ta tambayi kunnena.

Bayan Azahar ƙarar kunnen ta ɗauke, kumburin ya sassauta. Ta danna farce, ja ya dawo nan take. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu ne."

Abin da ta zuƙo bai cika ƙaramin cokali ba. Ba ta nufi wurin ƙugiyar ba ma, gindin yatsan ta je, gefe da gefe. Ta ce ta nan jijiyoyin da ke kai zafi suke bi. Kafin ta tura sai ta ɗan ja sirinjin baya ta duba, don ta tabbata ba ta shiga hanyar jini ba, sannan ta tura a hankali kamar mai tsoron ta tashi jariri. Taubashina ya leƙo ya ce, "Shi ke nan? Wannan ai ko kaza ba zai isa ba." Ta ce, "Jira dai."

Muka ɗan jira. Ta tsikari kan yatsan ta ce, "Ka ji?" Na ce, "Me?" Ta tura ƙugiyar gaba har bakinta ya ɓullo, ta datse kunnen ƙugiyar da filaya, ta zare sauran ta baya. Ina kallo kamar a hannun wani ake yi. Ta wanke, ta naɗe, aka yi mini rigakafin tsatsa. Yatsana ya warke sarai, sai ɗan tabo.

Na daɗe ina juya abin a raina. Yarinyar nan tana ganin dattijo yana hawaye, ana roƙonta, maganin yana hannunta, amma ta daure ta hana. Da ta biye mana da mun yi mata godiya a ranar, mu zage ta bayan mako guda. Tun daga nan na gane magani da ma'auni yake aiki, kuma ba duk mai hana ka ne mara tausayi ba. Yanzu duk wanda zan raka asibiti, tun a hanya nake ce masa ya faɗi duk abin da aka riga aka ba shi, ko ƙwaya ɗaya ce, in kuma likita ya ce a jira, a jira.