Wanzamin da Ya Zo Tambaya

A layin masu jiran magani a Ikara, ƙarƙashin sabuwar tutar 'yancin kai, Ja'afaru disfensa ya hango wani tsoho da zabira a kafaɗa. Wanzami ne, ba shakka. Siriri ne, gemunsa a gyare tsaf, yana ta murza babban yatsansa kamar mai gwada kaifin aska. Ba alamar ciwo a jikinsa.

Da layi ya zo kansa suka gaisa, sai tsohon ya ce, "Malam, jariri ne a Malikanchi, gobe suna. Kansa ya kumbura gefe guda. Dangi sun ce in tsaga in kafa ƙaho."

"Kada ka taɓa, Baba. Jini ne ya taru a ƙarƙashin fata saboda wahalar naƙuda. Jiki zai shanye shi da kansa. In aka tsaga, cuta za ta shiga."

Yatsan ya daina motsi. Ƙafafunsa sun yi futu-futu, da alama a ƙasa ya tako don wannan tambaya ɗaya.

"Na taɓa tsaga irinsa," in ji tsohon, yana gyara zabirarsa. "Wancan ɗan ƙanwata ne."

Ja'afaru bai tambayi yadda aka ƙare ba.