Baba Mai Lambu da Mujiyoyin Asibitinmu

Kafin mu masu aikin safe mu iso, Baba mai lambu ya riga ya jingine kekensa a bayan ɗakin yara. Ba ya fara taɓa tiyo ko almakashi. Sai ya goya hannu a baya ya zaga lambun asibitin tukuna, kamar likita mai duba marasa lafiya. Ya ɗaga ganye ya leƙa bayansa, ya tona ƙasa da ɗan yatsa ya ga ko akwai tana, ya tsaya a bakin magudana ya ga kwaɗi nawa suka kwana. Sai ya gama gaisawa da kowa sannan ya buɗe famfo. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ni nas ce a ɗakin yara, tagarmu tana kallon lambun. Farkon zuwana na taɓa leƙowa na ce masa, "Baba, tururuwa ta cika furannin nan, ba za ka yi musu feshi ba?"

Ya yafito ni da hannu. "Zo ki gani, 'yata."

Ya juya wani ganye, sai ga wasu ƙananan ƙwari kore shar sun yi cincirindo, tururuwa na kai da komo a kansu. Ya ce waɗannan su ke tsotse ganyen, suna fitar da wani ruwa mai zaƙi, tururuwar kuma tana lashewa tana gadinsu kamar makiyayi da garkensa. Sannan ya nuna mini wani ɗan ƙwaro ja mai ɗigo-ɗigon baƙi yana hawowa ta reshe.

"Ga mai maganinsu nan ya taho. In na yi feshi, shi zai fara mutuwa."

Na koma bakin aiki a makare, sista ta yi mini faɗa, amma tun ranar ban sake wuce ganye ban so in juya shi ba.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru shekara shida da suka wuce. A rufin tsohon sito, inda ake ajiye magunguna, akwai mujiyoyi da suka daɗe da zama. Masu jinya suka yi ta ƙorafi, wai kukansu yana tayar musu da hankali, ga mara lafiya a kwance. Sabon manajan da aka kawo mana ya ga koken na da hujja, ya sa aka kore su aka toshe ramin da suke shiga da siminti. Baba ya je ya same shi ya ce, "Yallaɓai, da an dakata an ga abin da suke ci." Manaja ya yi dariya ya ce masa ya je ya ji da furanninsa.

Ba a yi wata biyar ba ɓeraye suka karɓe siton. Suka cinye kwalaye, suka huda ledojin ƙarin ruwa, suka yi gida a cikin auduga. Aka zuba guba. Ɓerayen suka ci suka fito fili suna tangaɗi, kyanwoyin ɗakin girki suka kama su, su ma suka mutu. Wata safiya Baba ya tsinci shirwa biyu a mace a gindin katanga. Daga nan ɓera ya rasa mai tsawata masa. Ranar da suka gwaguye wayar firjin allurar rigakafi, da hannuna na sallami iyaye mata sama da arba'in, kowacce da jariri a kafaɗa, na ce su dawo wani makon. Wasu daga nesa suka zo, kuma na san ba duka za su dawo ba.

Aka kira taro. Ana cikin muhawara a kan wace gubar ta fi ƙarfi, sai ga Baba ya yi sallama da wani tsohon gwangwanin madara a hannu. Ya shimfiɗa jarida a kan teburin manaja, ya zazzage wasu dunƙule-dunƙule masu launin toka. Babban likita ya ja kujerarsa baya.

"Baba, mene ne wannan kuma?"

"Aman mujiya ne, likita. Ba ta iya narkar da gashi da ƙashi, sai ta dunƙule su ta mayar. Na daɗe ina tsinta a gindin sito, don dai in san me take ci."

Ya sa tsinke ya fasa ɗaya. Sai ga ɗan ƙoƙon kai da haƙora biyu rawaya a gaba. Ya fasa na biyu, kai biyu ne a ciki. Likitan da ya ja baya ya matso, ya gyara tabarau, ya karɓi tsinken ya shiga fasawa da kansa. Kafin a ankara taro ya watse ya koma kan jarida, mai harhaɗa magunguna yana jera ƙasusuwa, sista tana tambaya ko wannan haƙarƙari ne ko ƙafa.

Manaja ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Baba, masu jinya fa? Su ma suna da gaskiya."

"Suna da ita, yallaɓai. A ba ni katako kawai."

Ya ƙera wa mujiyoyin akwatuna biyu masu ƙofa kamar ta gidan tantabaru, ya kafa su a kan dogayen itatuwan da ke can ƙarshen fili, nesa da ɗakunan kwanciya. Ya roƙi a daina zuba guba, a koma tarko, a gyara wurin zubar da shara. Wata uku akwatunan suna nan wayam, har masu gadi suka fara tsokanarsa, wai ya gina gida babu ɗan haya. Shi ma ya gaya mini daga baya cewa bai da tabbas za su dawo. A wata na huɗu ya ƙwanƙwasa tagarmu, fuskarsa kamar an yi masa albishir da jika, ya buɗe tafin hannu ya nuna mini dunƙule ɗaya, ɗanye. Ɓera bai ƙare ƙaf ba, amma tun daga shekarar ba a sake zubar da kwalin magani saboda shi ba.

Baba, kai ne malamin da bai taɓa riƙe alli ba. Kai ka nuna mana cewa lafiyar jaririn da ke hannuna tana rataye da wayar firji, wayar tana hannun ɓera, ɓeran kuma yana hannun tsuntsuwar da muka tsana. Mu da muka yi karatun jikin ɗan Adam, kai ka karanta mana jikin asibitin. Ba ka taɓa cewa "ai na faɗa muku" ba, ko da wasa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi cikin iyalinka.

Ku kuma masu karatu, kusan kowace ma'aikata tana da irinsa, mutumin da ake wucewa ana ɗaga masa hannu daga nesa. Ku je ku tambaye shi abin da ya lura da shi, ku koyi irin kallonsa, don abin da ya sani ba a rubuce yake ba.

Jiya na tambaye shi ko akwai abin da zai tafi bai gano ba. Ya nuna wata bishiya kusa da ɗakin haihuwa.

"Waccan shekara biyu ke nan tana fure ba ta 'ya'ya. Akwai wani ƙwaro ko tsuntsu da ya daina zuwa mata, kuma har yau ban san ko wane ne ba. Ki sa mata ido, 'yata. In kin gan shi, ki aiko a gaya mini."