Rumbun da Babana Ya Gina a Bayan Coci

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin makaranta a Kano, albashi ya fara shiga aljihu, kaina kuma ya fara rawa, aka ɗora mini wani aiki a ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa. Cocinmu ne ya tsufa. Kwanon ya yi tsatsa ya huhhuje, gara ta cinye katakon rufi, in ana sujada da damina kowa ya san inda zai ja bencinsa. Ɗakin karatun yara ya koma wurin kwanan awaki, gidan fasto kuwa sai an jera robobi ake barci. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne bangon gabas, wanda hadari ke fara duka. Ya tsage tun daga sama har kusan ƙugun mutum.

Mahaifina ne ya gina bangon nan. Manomi ne, magini kuma. Yana saurayi lokacin da 'yan gidajenmu suka bar addinin kakanni, suna taruwa a gindin wata ɗorawa, shi ya kwaɓa ƙasa ya mulmula tubali har suka samu ɗaki. Duk Lahadi in an tashi, sai ya zagaya baya ya sa tafin hannunsa a cikin tsagar ya ga ko ta ƙaru. Bayan kaka a waccan shekarar ya ce wa dattawan ikilisiya, “In ruwan baɗi ya sami bangon nan babu sabon rufi, ƙasa za mu zo mu kwashe.” Ni na ga yadda abin ya tsaya masa a rai.

Tunda ni ne ɗan boko, aka ce in riƙe kwamitin gyara. Ban yi wata-wata ba na ce a bar mini, ai abu ne mai sauƙi, gidauniya za a kafa irin ta birni. Na sha zuwa irin tarukan nan, na ga yadda ake kiran mutum ya miƙe ya faɗi abin da ya bayar, a tafa masa, na kusa da shi ya ji zafi ya ninka. Fasto, mutum mai sanyin hali, ya ce, “Malam, kana ganin mutanenmu za su iya wannan?” Na ce masa ai ba a taɓa gwada musu ba ne.

Kwana biyu bayan Kirsimeti na yi hayar rumfa da kujerun roba da lasifika da janareta. Na aika wa manyan mutane katin gayyata a birni, duk suka aiko da uzuri. Amma ƙauye ya fito kwansa da kwarkwatarsa, har maƙwabtanmu Musulmi suka zo suka zauna a gefe don kara. Zumuntar mata suka yi waƙa har ƙasa na amsawa. Ni kuma na sha sabuwar shadda, na riƙe makirfo, na yi bayanin cewa ba sai kuɗi ba, kowa zai miƙe ya faɗi dami nawa zai bayar na gero ko dawa, sai mu tafa masa.

Don in buɗe hanya, na fara da gida. A gidanmu akwai wani babban rumbu da mahaifina ke tara hatsin ajiya. Ya ga yunwa yana yaro, bai taɓa mantawa ba, saboda haka kowace shekara sai ya ƙara wani abu a ciki. In marka ta yi, hatsi ya ƙare a gidaje, wurinsa ake zuwa a tsuguna a yi magana ƙasa-ƙasa a tafi da ɗan abin sawa a tukunya. Ni ina alfahari da wannan. Sai na ɗaga murya a lasifika na ce, “Jama'a, bari mu fara da mai rumbun da ba a taɓa ganin gindinsa ba!”

Mahaifina ya miƙe a hankali, ya dubi jama'a, ya ce, “Allah ya sa albarka a taron nan.” Ya koma ya zauna.

Na kira dattijo na biyu. Ya miƙe ya ce Allah ya sa albarka. Na uku ma haka. Wata tsohuwa da na kira ta ce ba ta ji ba, da na maimaita ta ce har yanzu ba ta ji ba, alhali lasifikar na saman kanta. Kafin la'asar na tara albarka mai yawan gaske. Abin da ya shigo hannu kuwa, da kyar ya sallami mai kujeru da mai janareta.

Na koma gida na shige ɗaki na ƙi tuwo. Mahaifiyata ta shigo ta ajiye kwanon a gabana. Ba ta faɗin sunana, kasancewar ni ɗan fari ne.

“Kai, tashi ka ci. Da wa kake fushi?”

Na ce, “Inna, Baba ya kunyata ni a gaban mutane. Shi ya fi kowa damuwa da bangon, shi kuma ya fara ƙi.”

Ta zauna a bakin gado ta ce, “Kai ne ka fara. Tun kafin a haife ka nake gidan nan, ka taɓa jin ya faɗa mini dami nawa ne a rumbunsa? In tuwo zan yi shi yake hawa ya miƙo mini. Kai kuma ka ɗauki lasifika. Wanda ya ce goma a gaban jama'a, an ce yana nuna arziki. Wanda ya ce ɗaya, ya tona wa kansa asiri, gobe ba mai ba ɗansa aure. Wanda ba shi da ko ɗaya fa, ina zai sa fuskarsa? Ubanka ya san in ya faɗi nasa ya ɗaure kowa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.”

Ta tura mini kwanon. Na ci, har da ƙari.

Washegari da safe mahaifina ya tsaya a ƙofar ɗakina. Bai tayar da zancen jiya ba. Ya ce, “Malamin makaranta, cire shaddar nan. Ɗauko shebur da bokiti ka biyo ni.”

Bayan coci ya kai ni, inda hanyar rijiya ta ratsa tsakanin darnin gidan fasto da gonaki. Ya zana da'ira da ƙafarsa ya ce a nan za mu gina rumbu. Na ce, “Baba, rufi muke nema, ba rumbu ba.” Ya ce, “Kwaɓa ƙasa.” Sauran hutuna duk a cikin laka na ƙare shi. Yana ɗora gini kaɗan-kaɗan, a bari ya sha iska, gobe a ƙara. Da ya kai sama ya rufe shi ruf aka kifa jinka, sai wata 'yar kafa da ya bari a gefe, iya shigar hannu da zangarniya uku ko huɗu. Ko ka kafa ido a wurin, duhu kawai za ka gani.

Ran Lahadi fasto ya yi sanarwa da bakinsa, ba lasifika. Ya ce akwai rumbu a baya, na Ubangiji ne, wanda ya ga dama ya san hanya. Ba za a buɗe ba sai makon Ista.

Wata ukun nan ban taɓa shan wahala irin tasu ba. Ni mutum ne da ke son ya san inda aka kwana. Kafinta na tambayata bandir nawa na kwano za a saya, ni ban san ko ɓera ne kaɗai ke cikin rumbun ba. Duk Asabar in na sauka daga mota, kafin in shiga gida sai na zagaya in ƙwanƙwasa cikinsa da yatsa in kasa kunne. Hanyar kuwa ba ta rabuwa da mutane, mata da ƙwarya a rufe, maza da kaya a ka, kowa kamar wucewa yake. In biyu suka haɗu a wurin, ɗaya sai ya tuna yana da uzuri a wani gefen.

Wata rana ina cikin ƙwanƙwasawa sai ga maƙwabcinmu, wani Malami abokin mahaifina tun suna kiwon awaki, ɗauke da abu a naɗe cikin tsohuwar tabarma. Ya tsaya ya dube ni ya ce, “Ɗana, je ka gida, ana nemanka.” Na tafi da sauri. Ba wanda ke nemana.

A cikin ranin shekarar ne gwiwar mahaifina ta kumbura har ya koma dogara sanda. Muka ɗora laifin a kan ginin rumbu. Na yi ta masa faɗa irin na ɗan da ya fara sayen magani, yana jina yana cewa to.

Makon Ista ya zo. Samari suka sauke jinka, aka fasa saman. Wanda ya fara leƙawa ya juyo yana dariya, ya zura hannu ya zaro zangarniya ba tare da ya sunkuya ba. Gero ne, dawa ce, maiwa ce, gyaɗa a ƙulle cikin tsumma, wake a leda, duk a cakuɗe, ba mai iya cewa wannan na wane ne. Kwana uku mata na sussuka suna waƙa. Aka kai kasuwar Tsanyawa a lokacin da hatsi ya yi daraja. Bai isa komai da komai ba, ɗakin yara sai wata shekarar aka yi shi, amma ya isa rufin coci da na gidan fasto. Mahaifina ya zauna a kan kujera 'yar tsuguno da sandarsa yana nuna wa samari yadda za su ɗinke tsagar bangon, yana sa su rushe in bai yi masa ba.

Hadarin farko ya taso wata Asabar da la'asar, baƙi ƙirin daga gabas. Mahaifina ya ce a kai shi coci. Na riƙe shi muka tafi, muka tarar da fasto da wasu dattawa sun riga mu. Aka yi iska kamar za ta ɗauke garin, sannan ruwa ya sauko. Kowa ya ɗaga kai yana neman ɗigo, babu. Shi kuwa bai dubi sama ba, yana zaune jingine da bangonsa har aka ɗauke. Da muka fito ya zagaya baya ya shafa ginin, ya ce, “To, mun gode Allah.” Ban taɓa ganin fuskarsa a sake kamar ranar ba.

Muna isa gida muka tarar iska ta ture jinkar babban rumbunsa gefe, bakin a buɗe, ga wani hadarin na haɗowa. Malam maƙwabcinmu ya shigo yi mana barka da ruwa, mahaifiyata na tsaye da wasu mata biyu da suka fake a gidan. Ba wanda ya taɓa hawa rumbun nan sai mai shi. Ya dubi tsani, ya dubi gwiwarsa, ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “Hau ka gyara.”

Na hau. Kafin in jawo jinkar na leƙa, don ni ɗin dai ni ne. Babu komai a ciki. Ko zangarniya ɗaya babu, an share shi tas har ina ganin shatin tsintsiya. Nan take na gane abin da ya kumbura gwiwar. Tsoho ya yi wata uku yana hawa yana sauka, yana ɗauka kaɗan-kaɗan zuwa bayan coci, ajiyar shekaru, ni kuma ina can ina ƙwanƙwasa rumbu da yatsa. Idona ya cika, na riƙe tsanin da kyau.

Daga ƙasa ya ce, “Yaya hatsin?”

Duk suka ɗago suna jira. Na share fuska da hannun riga kamar ruwan jinka ne ya zubo mini, na ce, “Lafiya lau yake, Baba.”

Ya ce, “Madalla. Ɗaure da kyau ka sauko.”

Ƙarshen wata na sayo buhun dawa na ce masa araha na samu a birni. Bai tambaye ni wace kasuwa ba. Ya bari sai da tsakar gida ta zama ba kowa, ya ce in zuba a ƙaramin rumbu. Sannan ya ce, “Marka na zuwa, mutane za su zo kamar kullum. In suka ji babu, mai yunwa zai ji nauyin tako ƙofar nan.” Iyakar maganar da muka taɓa yi a kan lamarin ke nan.

Sun zo kuwa. Kowa ya tsuguna ya yi maganarsa ƙasa-ƙasa, ya tafi da ɗan abin sawa a tukunya, mu kuma muka rage hannu a tuwo har sabon gero ya nuna. A ƙauye aka ci gaba da cewa rumbun gidanmu ba a ganin gindinsa.

Har yanzu akan kira ni in riƙe makirfo a taron gidauniya, ina kuma zuwa, kowane wuri da yadda yake yin abinsa. Sai dai in na zo kiran suna bakina yakan yi nauyi, idona yakan tafi kan wanda ya sunkuyar da kai a layin baya. Mahaifina ya rasu, a cikin cocin aka yi masa sujadar ban kwana. Kafin in rubuta wannan sai da na je na nemi izinin mahaifiyata, don sirrin ba nawa ba ne. Ta ci gaba da tsince wakenta.

Can ta ce, “Faɗi abinka. Ni ce na yi masa sharar.”